Ƙaramin Jirgin Ƙasa Na Tebur: Yadda Ake Ƙara Masa Busta Da Raba Wutarsa Shiyya-Shiyya

Ranar babbar Sallar da ta wuce, bayan an gama fiɗa an ɗora suya, yaran gidanmu da na maƙwabta suka cika ɗakin da nake ajiye ƙananan jiragen ƙasa, kamar yadda suka saba duk shekara. Jirage huɗu na zagaya layi, ɗaya na busa, ɗaya na fitar da ƙarar inji. Na juya ina gaisawa da baƙi a bakin ƙofa, sai na ji babban ɗana ya ce, "Baba, ƙauri fa nake ji."

Kafin in kai hannu in zare soket, ɗaya daga cikin kawunan jiragen ya riga ya tsaya a mahaɗar layi yana hayaƙi. Robar da ke riƙe da ƙafafunsa ta narke ta lotsa. Allah Ya taƙaita, don teburin katako ne, duwatsun da na yi wa layin ado kuma na kwali ne da soso. Abin kunyar shi ne ni mai aikin wuta ne. Shekara da shekaru ina wayarin ɗin gidaje da haɗa sola a Agege da kewaye, amma kuskuren da ba zan taɓa yi a gidan mutane ba, shi na yi a kan teburina.

Tun da na ba da labarin nan a majalisa, mutum uku suka neme ni, ɗaya daga Sabon Ibadan, biyu a nan Legas. Duka sun tsinci irin waɗannan jirage cikin kayan tokumbo, duka kuma tambayarsu ɗaya: "Wuta ba ta isar mu, wane busta za mu saya?" To amsata ke nan a rubuce. Kar a fara da sayen busta. A fara da lissafi, a gyara waya, a raba layi, sannan a zo maganar busta.

Wane irin jirgi ake magana?

Ga wanda bai taɓa gani ba, ba irin jirgin robar nan mai batir da ake saya wa yara ba ne. Kwafin jirgin gaske ne da aka ƙanƙanta bisa ma'auni, yana tafiya kan ƙarfen dogo na gaske, yana shan wuta ta ƙafafunsa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, wato an rage jirgin sau 87, tsakanin ƙarafan dogon nasa milimita 16.5. Akwai N da aka rage sau 160, mai faɗin milimita 9. A Ingila kuma OO suka fi so, sau 76. Wannan sha'awa ta fi ƙarfi a Jamus da Amurka da Ingila da Japan, inda dattawa da furfura ke kashe dukiya a kanta. A birnin Hambug na Jamus akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, layin dogonsa ya haura kilomita 16 in aka miƙe shi.

Ni dai son jirgi a jinina yake. Dogon da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, kuma ta wannan hanya kakannin da yawa daga cikinmu suka gangaro kudu da fataucin goro da shanu. Mun tashi a Agege muna jin busar jirgi. Da na ga wani akwati cike da ƙananan taragai a wajen masu kayan gwanjo, ban yi dogon ciniki ba.

Yadda DCC take aiki

A tsohon tsari, ƙarfin wutar da ke kan layi shi ne gudun jirgi. Ka ƙara wuta ya ƙara gudu, ka juya waya ya koma baya. In jirage biyu na kan layi ɗaya, dole su tafi tare su tsaya tare.

Tsarin da ake kira DCC ya sauya wannan. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya fara shi a ƙarshen shekarun 1980, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, shi ya sa kayan kamfanoni daban-daban ke jin maganar juna. A DCC wuta tana kan layi kullum, cike, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye. A HO wajen bolt 14 ce ko 15, a N wajen 12. Wutar na juyawa gaba da baya sau dubbai a sakan ɗaya, kuma a cikin wannan juyawar ake rubuta saƙo. Gajeren bugu yana nufin 1, dogo yana nufin 0.

A cikin kowane kan jirgi akwai ɗan guntun allo da ake kira dikoda, mai lambarsa. Kai kana riƙe da rimot, ka danna cewa lamba 3 ya tafi, ya kunna fitila. Akwai uwar na'ura da ke mayar da umarninka saƙo ta watsa kan layi. Duk jiragen suna ji, amma mai lamba 3 kaɗai zai amsa.

Saƙon da uwar na'ura ke haɗawa ba shi da ƙarfin da zai juya ko da ƙafar jirgi ɗaya. Busta ne ke karɓar saƙon ya sa masa ƙarfi. Kamar liman ne da lasifika: liman ɗaya ne, amma in masallaci ya yi girma sai a ƙara amfilifaya da lasifikoki, duka murya ɗaya suke fitarwa. Haka nan, uwar na'ura guda ɗaya tak ake sa wa a layi, busta kuwa ana iya jera su da yawa. Ƙananan na'urorin da ake farawa da su duk suna da ɗan busta a cikinsu. Misali Power Cab na NCE amfiya 2 yake bayarwa, z21 na Roco amfiya 3. Bustocin da ake saya daban sun fi yawa a 3, da 5, da 8, har 10 don manyan ma'auni.

Fara da lissafi

Kamar yadda ba za ka sayi janareta ba sai ka ƙirga firji da fanka da talabijin, haka nan ma. Kan jirgin HO na zamani yana jan abin da bai wuce rabin amfiya ba yana tafiya. Tsofaffi, irin waɗanda muka fi tsinta a gwanjo, suna iya kaiwa amfiya 1. Mai sauti ko yana tsaye yana ɗan sha. Taragon fasinja mai tsohon ƙwan fitila, kowane ƙwai na jan kusan 0.05, alhali LED ba ta kai rabin haka ba.

Ga nawa lissafin. Jirage huɗu na tafiya, amfiya 2. Biyu masu sauti na tsaye a tasha, 0.2. Taragan fasinja shida, kowane da ƙwai biyu, 0.6. Injinan canja layi, 0.2. Jimla amfiya 3, na'urata kuwa 2 take bayarwa. Shi ya sa da na tayar da jirgi na huɗu sai komai ya ɗauke.

Lura fa, abin da ake ƙirgawa shi ne jiragen da ke aiki lokaci guda, ba tsawon layi ba. Layi ko ya zagaye gida bai shan wuta. In mutum ɗaya ne ke tuƙa jirage biyu, amfiya 2 ta ishe shi har abada. Sau da yawa ma, sauya tsofaffin ƙwayayen taragai zuwa LED kaɗai ya isa ya ɗage maka sayen busta.

Akwai kuma alamar da ke ruɗar mutane. In jirgi yana rage gudu ne a wani wuri guda, can nesa da na'ura, fitilarsa na dishewa, in ya wuce wurin ya farfaɗo, wannan ba ƙarancin busta ba ne. Waya ce ko mahaɗin dogo. Ka sa busta mai amfiya 10 ma ba zai gyara ba.

Kuskuren da na yi

Da lissafi ya nuna mini ina buƙatar ƙari, sai na yi odar busta mai amfiya 5, da kuɗin kawowa ya fi kuɗin buhun shinkafa nesa ba kusa ba. Ya iso, na cire wayoyi biyun nan sirara da suka zo da akwatin farko daga tsohuwar na'ura, na maƙala su a sabon busta. Jirage huɗu suka tashi garau. Na ce shi ke nan.

Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne wannan. Busta yana gane haɗewar wuta, abin da muke cewa shot, ta hanya ɗaya ce kawai: in abin da ake ja ya haura iyakarsa. Bolt 14 a raba da amfiya 5 ya ba da om 2.8. Wato in turjiyar hanyar, daga busta zuwa inda wutar ta haɗe da dawowa, ta wuce om 2.8, wutar da za ta bi ba za ta kai 5 ba. Busta zai ɗauka jirage ne ke aiki, ya ci gaba da turawa.

Abin da ya faru ranar Sallah ke nan. Wani yaro ya juya mahaɗar layi, jirgin ya shige ta a karkace, ƙafarsa ta haɗa ƙarfe biyu. Wurin yana can ƙarshen tebur, wutar sai ta ratsa siririyar waya da mahaɗan dogo fiye da goma da damshin Legas ya ci. A ce turjiyar om 3.5 ce, amfiya 4 ke nan ke bi, wat 56. Ƙarfen narka dalma da muke gyaran rediyo da shi wat 30 ne ko 40. Zafin da ya fi wannan ne ke rarrabuwa a mahaɗai da 'yan siraran ƙarafan da ke shafar ƙafar jirgin. Tsohuwar na'urar mai amfiya 2 da tuni ta yanke. Ƙarfin da na ƙara ba tare da gyara hanyarsa ba shi ya ƙona min jirgi.

Gyaran waya

Ƙarfen dogon waɗannan jirage yawanci haɗin tagulla da nikel da zinki ne. Ba ya saurin tsatsa, amma bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba. Mahaɗan da ke riƙe guntu da guntu kuma sukan saki. Don haka ba a dogara da dogon ya kai wuta nesa.

Ana shimfiɗa manyan wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur, suna bin layin duk inda ya bi. Su nake kira uwar waya. Wayar 2.5 da muke sa wa soket a gida ta yi daidai, in tafiyar da nisa a sa 4. Daga uwar waya sai a riƙa fitar da 'yan gajerun wayoyi, kamar 0.5, tsawonsu kar ya wuce taƙi ɗaya, a huda tebur a liƙa su da dalma a gefen dogo ta waje. Aƙalla kowace mita ɗaya, in da hali kowane guntun dogo da tasa.

Ga bambancin a lamba. In wuri yana nesa da mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan. A kan amfiya 5, wayar 2.5 za ta ci kusan bolt 0.7, wayar 1 kuwa kusan 1.75. A kula da wayar kasuwa kuma. Akwai wadda alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe, akwai wadda aka rubuta 2.5 amma ba ta kai ba. Kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu. Launi biyu za ka zaɓa, ja da baƙi, ka riƙe ƙa'ida ɗaya har ƙarshe, misali ja ga dogon waje, baƙi ga na ciki. In uwar waya ta wuce mita 10, a ɗan murɗa su da juna kamar igiya, yana taimaka wa saƙon ya isa da tsabta.

Mece ce shiyyar wuta?

Kowa a nan ya san bambancin a ce babban layin wutar ƙasa ya faɗi da a ce taransifomar unguwa ce ta samu matsala. Na farko kowa na cikin duhu, na biyu unguwa ɗaya ce. A gida ma haka, shi ya sa muke sa bireka daban wa soket, daban wa fitilu, daban wa famfon ruwa.

Layin da ba a raba ba, da jirgi ɗaya ya sauka daga kan dogo, duk jiragen sun tsaya, sauti ya ɗauke, kuma ba ka san inda za ka fara nema ba. In an raba shi, yankin da abin ya faru kaɗai ke mutuwa.

Rabon iri biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su. Na farko, kowace shiyya da bustanta da adaftarta. Wannan yana ƙara yawan wutar da kake da ita. Na biyu, busta ɗaya ne amma an raba fitarsa ta bireka biyu ko uku ko huɗu. Wannan bai ƙara ko ɗigon wuta ba, kariya yake bayarwa. Yawancinmu masu tebur a ɗaki ɗaya na biyun muka fi buƙata.

Birekar da ake nufi ba ta gida ba ce, kar wani ya ɗauko ta allon wuta ya sa. Ta gida tana da nawa, kafin ta motsa busta ya riga ya yanke. Akwai na lantarki da aka yi don wannan aiki, irin su PSX, da EB1 na NCE, da PM42 na Digitrax. Ana saita su su yanke a amfiya 2 ko 3, su riga busta, kuma su mayar da wuta da kansu in an ɗauke abin da ya haɗe.

In babu halin saye, akwai tsohuwar dabara: ƙwan fitilar mota mai bolt 12, wat 21, irin na trafigeta, a sa shi a jere kan waya ɗaya da ke shiga shiyyar. In jirgi ɗaya ko biyu ke tafiya, ƙwan ba ya kamawa. Da wuta ta haɗe sai ya haska, ya tsare abin da ke bi a wajen amfiya 2, sauran layin ya ci gaba da aiki. Amma a sani, ƙwan ba ya yanke wuta, rage ta kawai yake yi, kuma yana zafi sosai. A ɗaure shi nesa da kwali da soso, in ya kama kuma a tashi a duba nan take.

Inda za a yanka

A raba bisa inda matsala ta fi faruwa da inda jirage suka fi taruwa. Tasha, inda mahaɗai suka yi yawa ana ta jera taragai, nan ne wuta ta fi haɗewa, a ba ta shiyyarta. Babban layi shiyyarsa. In layi biyu ne, na zuwa da na dawowa, kowanne da tasa ya fi, sai dai a tuna a yanka duk inda suka ratsa juna.

A kan iyakar kowace shiyya, ƙarafan dogo biyun duka ake yankawa, ba ɗaya ba. Ko a sa mahaɗin roba, ko a yanka da siririn zarto a cusa ɗan guntun roba a liƙe da gam. Kar a bar giɓin haka kawai, zafin rana na sa ƙarfe ya miƙe ya rufe shi, ka kwana kana neman matsalar da ba ka gani. Uwar waya ma a yanke ta, kowace shiyya da tata. Na taɓa yanka dogo na manta waya ɗaya a ƙarƙashi tana haɗa shiyya biyu, aikin ya zama na banza.

Injinan canja layi, in ta DCC ake juya su, a ba su birekarsu su kaɗai. Dalili kuwa, in jirgi ya shiga mahaɗa a karkace ya kashe shiyyar, kuma injin mahaɗar daga nan yake shan wuta, ba ka da yadda za ka juya ta ka warware matsalar sai ka sa hannu ka ja jirgin baya.

Haɗa busta na biyu

Busta yana karɓar saƙo daga uwar na'ura ta wata siririyar waya ta musamman. A Digitrax LocoNet suke ce mata, a Lenz ƙofofi ne masu alamar C da D da E. Kowane busta da adaftarsa. Kuma har abada ba a haɗa fitar busta biyu a kan uwar waya ɗaya wai don 5 da 5 su zama 10. Kamar ka haɗa janareta da NEPA ne ba canjoba.

Abu uku ake dubawa a kan iyakar da busta biyu suka haɗu.

Na ɗaya, fuska. Dole dogon dama na wannan shiyya ya yi daidai da dogon dama na waccan. Ka sa mita a AC, ka taɓa dogo ɗaya a gefen giɓin nan da can. In ta nuna kusan sifili, daidai ne. In ta nuna babbar lamba, ka juya wayoyi biyun da ke fita daga busta ɗaya. Alamar an yi kuskure ita ce jirgi na tafiya lafiya, da ya taka iyaka sai komai ya ɗauke.

Na biyu, ƙarfi. Bustocin biyu su zama kusan bolt ɗaya suke fitarwa, bambancin kar ya wuce rabin bolt. In ba haka ba jirgi zai riƙa zabura ko ja da baya a kan iyaka, kuma duk lokacin da ƙafafunsa suka haɗa shiyyoyin, wuta na kwarara daga mai ƙarfi zuwa mai rauni ta cikin jirgin. Mitarmu ta yau da kullum an yi ta ne don wutar gida, ba ta karanta DCC daidai, amma in mita ɗaya ka gwada duka biyun da ita, kwatancen zai yi amfani.

Na uku, wayar da ke haɗa bustoci da juna. Kamfanoni irin su Digitrax da NCE suna cewa a ja waya mai kauri tsakanin bustocinsu, don jirgin da ke tsallake iyaka ya samu hanyar dawowar wuta. Wasu kamfanonin tsarinsu daban ne. A nan littafin da ya zo da na'urarka shi ne alƙali. A duba a ciki kuma ko na'urar farko tana yarda ta ci gaba da ba layi wuta bayan an sa busta, don wasu in an sa busta sai su koma rimot kawai.

Layin da ke juyo da jirgi

In layinka yana da madauki da jirgi ke shiga ya fito ta inda ya shiga fuskarsa a juye, dogon dama zai haɗu da na hagu. Wannan yanki sai an yanke shi gaba da baya, a ba shi na'urar da ke juya fuskar wuta da kanta cikin ƙiftawar ido. Jirgin ba zai ko ji ba, domin a DCC dikoda ce ke zaɓar gaba da baya, ba fuskar wutar layi ba. Sharaɗin dai yankin ya fi jirginka mafi tsawo, in taragan masu ƙafar ƙarfe ne. Haka kuma ɗan guntun layin da ake saita lambar dikoda a kai, kar ya taɓa haɗuwa da wutar busta.

Gwajin kwabo

Wannan shi ne gwajin da da na yi shi da jirgina bai ƙone ba. Ka ɗauki kwabo, ka ɗora a kan ƙarafan dogo biyu wuta na kunne. Tsabar naira 1 da naira 2 ɗin nan na 2007 da ko mai ruwan leda ba ya karɓa, ga amfaninsu ya zo. In babu, makulli ya yi. Da ka ɗora, bireka ko busta ya yanke nan take. Ba sai ka danna ba, ba sai ka jira ba.

Ka bi layin duka, kowane guntu, musamman na nesa da kan mahaɗai. Inda ka ɗora bai yanke ba, ko ya tsaya yana ƙara, ɗauke kwabon da sauri ka ƙara waya a wurin. Ka kuma duba cewa shiyyar da ka taɓa kaɗai ce ta mutu. In duka suka ɗauke, ko dai birekar ta fi busta nawa, ko akwai giɓin da ya rufe.

Wani abu kuma, kawunan jirage masu sauti suna da ma'ajiyar caji a ciki, da wuta ta dawo sai duka su zuƙa lokaci guda. In sun taru shida a shiyya ɗaya, busta na iya ɗauka shot ne ya ƙi tashi. Raba layi na rage wannan, don ba duka ke farkawa tare ba.

Abin da ya shafe mu nan

Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Amurka da yawa na 120 ne. Kafin ka soka adafta, karanta jikinta. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, kar ka gwada. Ni ta inbata nake kunna nawa, ba na yarda da lokacin da NEPA ke kawowa da ɗaukewa ko janareta na tari. Damshin damina yana dusar da dogo, ƙurar hunturu tana hawa kansa, don haka a riƙa gogewa da tsumma, a rufe tebur in an gama. Bustoci na son iska, kar a kulle su a akwati. Sannan a sa maɓalli ɗaya a bakin ƙofa da ke kashe komai, wanda ko ƙaramin yaro ya san shi.

Yau teburina shiyya huɗu ne. Tsohuwar na'ura mai amfiya 2 tana riƙe da tasha. Busta mai 5 yana ciyar da bireka uku, layin waje, layin ciki, da injinan mahaɗai. Aikin ya ci min Lahadi uku da nadin waya biyu. Kan jirgin da ya narke yana nan kan kanta, ban samu ƙafafunsa ba har yanzu.

Makon jiya autana ya sake tura jirgi cikin mahaɗa a karkace. Tasha ta yi tsit, jiragen babban layi suka ci gaba da zagayensu. Ya waiwayo a tsorace ya ce, "Baba, na ɓata ko?" Na ce masa a'a, juya mahaɗar kawai. Ya juya, bayan sakan biyu fitilar jirgin ta dawo.

Wanda ke da tambaya kan girman waya ko inda zai yanka layinsa, ya fara zana taswirar teburin a takarda, ya rubuta yawan jiragen da yake tayarwa lokaci guda. Da waɗannan biyun ake gane ko busta yake buƙata ko kuwa nadin wayar 2.5 ne kawai.